Yadda Ake Haɗa Ƙasar Tukunyar Fulawar Cikin Gida a Bauchi da Yadda Ake Kula da Ita

Ƙorafin da ya fi yawa daga masu ajiye fulawa a falo ko a baranda iri biyu ne. Wasu sun sayo ta kore shar daga masu fulawa na bakin titi, suna ba ta ruwa safe da yamma, amma kafin wata biyu ganye ya yi rawaya, gindi ya yi laushi, an wayi gari ta kwanta. Wasu kuma ƙasar tasu ce ta daskare, in an zuba ruwa sai ya bi ta gefen tukunya ya tsiyaye, tsakiya kuwa a bushe ƙamas. Ciwon ɗaya ne: ƙasar ba ta barin iska ta kai ga saiwa. Irin waɗannan fulawoyi da ake so saboda ganyensu sun saba da ƙasan daji mai cike da ruɓaɓɓen ganye, wadda ruwa ke ratsawa ya wuce ya bar danshi kawai. Ƙasar gona zalla tana da kyau a gona, amma da zarar an ɗure ta a tukunya sai ta danne kanta. Ga yadda ake haɗa wadda ta dace da kayan da ke nan cikin gari.

1. Ku san fulawar da ke hannunku

Kashi uku ne. Na farko su ne mafi yawa a gidaje: moni-filan mai yaɗo, difenbakiya mai faffaɗan ganye da ɗigon fari, agalonima, filodendiron da monstera. Suna son danshi, ba sa son jiƙa. Na biyu masu son danshi kullum, irin su kalatiya da gwazar ado. Na uku su ne masu jure ƙishi, kamar moda. Haɗin da za a kawo nan gaba na kashin farko ne, sai a ɗan sauya awo don sauran.

2. Tara kayan haɗi

Abu biyar ake nema: ƙasa, buntun shinkafa, yashi, taki da gawayi. Sai kayan aiki: rariya mai manyan ƙofofi ko guntun wayar taga da aka kafa a katako, babbar roba ko baho, ƙaramin bokitin fenti mai cin lita 4 don awo, buhu, da safar hannu.

Ƙasa. Wadda ta fi ita ce ta sama-sama a ƙarƙashin tsohuwar bishiyar mangwaro ko dogonyaro, inda ganye ya shekara yana zuba yana ruɓewa ba a share ba. A ture busasshen ganyen, a kankaro abin da bai wuce zurfin yatsa ba. In an tona fiye da haka a yawancin unguwannin Bauchi, jar ƙasa ko marmara za a tarar, kuma ba ita ake so ba. Gwajinta mai sauƙi ne: ku jiƙa ɗan dunƙule, ku murza a tsakanin tafin hannu. In ya miƙe ya yi tsawo bai karye ba, laka ta yi yawa. In ya ƙi haɗuwa sam, rairayi ne. Wanda ya haɗu amma ya karye da an ja shi, shi ne daidai.

Gargaɗi: mai fulawa zai nuna muku baƙar ƙasa a buhu ya ce, "Hajiya, wannan taki ce zalla, ba sai kin ƙara komai ba." Ku tambaye shi, "Malam, daga ina aka ɗebo ta?" sannan ku sa hannu ku duba da kanku. In kun ga guntun leda, fasasshen kwalba, toka ko ɓawon batir, ta bola ce. Baƙinta na toka da ƙuna ne, tana da gishiri, kuma kwalba na iya yanka hannu. Haka nan ku guji baƙar lakar fadama, da ƙasar shuri, da ƙasar da aka noma tumatir ko kuɓewa a cikinta, domin ta kan ɗauko ƙananan tsutsotsin da ke sa saiwa ta yi ƙulu-ƙulu.

Buntu. A ganina shi ne ƙashin bayan haɗin nan, kuma shi mutane suka fi rainawa. Yana buɗe ƙasa, ba shi da nauyi, ba ya saurin ruɓewa. Ana samunsa jibge a bayan injinan casar shinkafa. Amma iri biyu ne. Ƙananan injina kan fitar da buntu a niƙe haɗe da dusa, wanda masu kiwo ke saya. Wannan in ya jiƙa yana yin fumfuna, yana tsami, yana kiran tururuwa da ɓera. Wanda kuke nema shi ne ɓawon da ya fita ɗai-ɗai, mai ƙaiƙayi a hannu. In na shinkafar da aka turara kafin casa ne ya fi, domin ba zai tsiro muku da shinkafa a falo ba. In ba a sami buntu ba, ɓawon gyaɗa da aka ɗan daddaka zai yi, sai dai ya fi saurin narkewa.

Yashi. Na rafi mai kaushi, irin wanda magina ke zuba kankare da shi. Na filasta mai laushi toshe ƙofofin iska yake yi, in ya haɗu da laka kuwa sai ya ƙara mata tauri.

Taki. Kashin shanu ko na tumaki da awaki wanda ya kwana biyu a jibge, aƙalla damina ɗaya ta wuce a kansa. Alamar ya nuna ita ce ya yi baƙi, yana marmashewa a hannu, ba zafi a cikin tarin, kuma ƙamshin ƙasa yake ba warin turke ba.

Gargaɗi: sabon kashin kaji daga gidan gona yana ƙona saiwa cikin kwana kaɗan, kuma warinsa ba na cikin ɗaki ba ne. Ku bar shi ga masara. Garin katako ɗanye shi ma kada a sa. Yayin da yake ruɓewa yana janye abincin da fulawar za ta ci, sai ganye ya koɗe, ga shi abincin gara ne.

Gawayi. Ba sai kun sayi manya ba. Ku nemi burbushin da ke taruwa a gindin buhu wurin masu gawayi a kasuwar Muda Lawal ko Wunti, ko na cikin unguwa. Girman ƙwayar wake zuwa na gyaɗa ake so. Toka daban, gawayi daban: toka tana kashe ɗan tsamin da waɗannan fulawoyi ke so a ƙasarsu, wanda a ma'aunin pH yake tsakanin 5.5 da 6.5.

Batun kuɗi kuwa, ƙasa da taki sau da yawa kyauta ne ko ɗan ihsani ga yaron da ya ɗebo. Buntu da burbushin gawayi araha ne, har kuɗin Keke Napep ɗin da zai kawo su kan fi kuɗinsu. Yashi, in ana gini a kusa, kwano biyu ba zai gagara ba. Abin da ke cin kuɗi shi ne kayan da ake aikowa daga Legas, Abuja ko Jos: garin ɓawon kwakwa da ake kira kokofit, da fararen ƙwayoyin nan marasa nauyi, falayit. Suna da kyau, amma wanda ya sami buntu ba ya buƙatar falayit. Kokofit dai ya cancanci kuɗinsa ga mai kalatiya ko mai tukwane da yawa, domin dunƙule ɗaya mai kilo 5 in ya sha ruwa yana kumbura ya haura lita 60. A jiƙa shi, a zubar da ruwan sau biyu kafin amfani, saboda wani yana zuwa da gishiri.

3. Ƙona rabin buntun

Ana iya tsallake wannan mataki, amma ƙonannen buntu ya fi daɗewa, ya fi riƙe danshi, kuma gara ba ta damu da shi ba. Ku sami tsohon gwangwani babba, ku huhhuda jikinsa da ƙusa, ku yi masa ƙofa a gindi inda za a kafa guntun bututun ƙarfe ya zama hanyar hayaƙi. A hura 'yar wuta da ƙirare a ƙasa, a kifa gwangwanin a kai, sannan a tara buntu kewaye da shi har ya rufe. Wutar za ta riƙa ci daga ciki a hankali. Duk inda kuka ga baƙi ya ɓullo a waje, ku turo ɗanyen buntu daga ƙasa ku rufe shi. Idan tarin ya yi baƙi kusan duka, a baje shi da shebur, a kwara ruwa sosai.

Gargaɗi: in aka yi jinkirin kashewa zai zama farar toka, aiki ya ɓaci. Kuma buntu yana ɓoye wuta. Tarin da ake gani ya mutu yana iya tashi cikin dare. Ku yi shi a fili, nesa da zana da rumbu, ba a ranar iskar hunturu ba. In ya huce a ɗauraye shi sau ɗaya don tokar ta fita.

4. Tankaɗe, wanke, turara

A tankaɗe ƙasar da takin don fitar da duwatsu, saiwoyin ciyawa da gwazarma, farar tsutsar nan mai kauri da ke kwana a cikin taki. Guda ɗaya ta isa ta cinye saiwar ƙaramar tukunya. Yashin a zuba a bokiti, a wanke har ruwan ya daina yin ja. Ɗanyen buntu a sheƙe shi, a jiƙa ya kwana, a tsiyaye.

Sai kashe ƙwari da irin ciyawa da ke cikin ƙasa da taki. Tunda tukunyar ɗaki za ta shiga, wannan ba abin wasa ba ne. Hanya biyu ce. In ƙasar ba ta da yawa, a yayyafa mata ruwa ta yi danshi, a zuba a tsohon madambaci, a turara ta kamar dambu na minti 30 daga lokacin da tururi ya fara fitowa ta sama. A sauke, a bar ta a rufe ta huce. In tana da yawa, a jiƙa ta, a zuba a farar leda mai kauri, a ɗaure baki, a baje ta kada kaurinta ya wuce faɗin tafin hannu, a shimfiɗa a kan siminti inda rana ke duka tun safe. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Bauchi ke kai wa kusan digiri 40, mako uku zuwa huɗu sun isa, ana juya ledar lokaci-lokaci. Da damina ko hunturu wannan hanyar ba ta da ƙarfi, gara a turara.

Gargaɗi: kada a soya ƙasa a busasshen kasko har ta yi hayaƙi. Zafin da ya wuce kima yana ƙona takin, ya bar abin da ke cutar da saiwa.

5. Awo da haɗi

Da bokitin fenti ko kowane kwano, muddin shi ɗin ne za a yi ta awo da shi:

- ƙasa, awo 2
- buntu, awo 2 (ɗaya ɗanye, ɗaya ƙonanne)
- yashi, awo 1
- taki, awo 1
- gawayi, rabin awo

A zuba a baho, a juya da hannu daga ƙasa zuwa sama har a daina ganin inda yashi ya taru shi kaɗai. Sannan a yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan ana juyawa.

Wanda bai saba ba zai ga kamar ƙasar ta yi kaɗan, ya ji yana so ya ƙara. Kada ya ƙara. Kusan kashi ɗaya cikin uku na haɗin ya ishe ta.

Ga monstera da manyan filodendiron masu kaurin saiwa, a mai da gawayin awo ɗaya cikakke, a zaɓi manya-manyansa. Ga kalatiya da gwazar ado, a cire rabin yashin a maye gurbinsa da kokofit ko ruɓaɓɓen ganye. Ga moda, yashi awo 2, taki rabin awo. Sannan ku duba inda tukunyar za ta zauna. Falon da ba ya samun haske sosai, ƙasa tana daɗewa ba ta bushe ba, don haka a ƙara buntu. Barandar da iska ke kaɗawa kuwa tana busar da tukunya da wuri, a nan ana iya ƙara rabin awon ƙasa.

6. Gwada kafin dashe

Ku damƙi haɗin mai danshi a hannu ku matse. Ya kamata ya dunƙule, amma da an taɓa shi da yatsa ya wargaje. In ruwa ya ɗigo ta tsakanin yatsu, ya jiƙe da yawa. In ya zauna a dunƙule da shatin yatsu a jikinsa, laka ta rinjaya, a ƙara buntu da yashi.

Sai gwaji na biyu: a cika tukunyar da haɗin ba tare da fulawa ba, a zuba ruwa kofi biyu. Ruwan ya nutse nan take, ya fara fita ta ƙasa kafin minti ɗaya. In ya kwanta a sama yana kallonku, a juye a gyara tun yanzu, domin bayan dashe gyaran ya fi wuya.

7. Zaɓen tukunya

Ko wace iri ce, dole ta kasance da ƙofa a gindi. Bokitin fenti ko roba, a ɗora ƙusa a wuta a huda wuri huɗu ko biyar, kowace ƙofa ta kai faɗin fensir. Tukunyar ƙasa tana numfashi ta jikinta, don haka ta fi dacewa da mai yawan ban ruwa, sai dai da bazara tana bushewa da sauri. Roba tana riƙe ruwa, ta fi dacewa da wanda ke mantuwa. Sabuwar tukunyar siminti a jiƙa ta kwana uku ana sauya ruwa kafin a sa komai. Waɗannan masu ƙyalli na ado da ba su da ƙofa kuwa, a dasa a roba mai ƙofa sannan a zura ta a ciki.

Girman kada ya wuce tsohon mazauninta da fiye da yatsa biyu ta kowane gefe. Ana yawan sa ƙaramar fulawa a ƙatuwar tukunya wai don ta sake. Ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba tana zama a jiƙe, daga nan ruɓa ke farawa.

Gargaɗi: al'adar jera tsakuwa a gindin tukunya ba ta taimaka wa ruwa ya fita. Ruwa ba ya barin ƙasa mai laushi ya faɗa cikin tsakuwa sai ta cika ta tumbatsa, don haka jiƙaƙƙen wurin matsowa sama yake yi, kusa da saiwa. Abin da ake buƙata kawai shi ne guntun tsohon gidan sauro ko tsingaro ɗaya a kan ƙofar don kada ƙasa ta zube.

8. Dashe

Lokacin da ya fi shi ne farkon damina, Mayu zuwa Yuni, sa'ad da iska ta yi laushi kuma fulawa ke sabon toho. A yi da yamma. Wadda aka sayo yau a bar ta mako guda a inuwa ta saba da gidan tukuna, musamman in daga Jos aka kawo ta. Jos ta fi Bauchi tudu da sanyi, fulawar da ta sauko daga can tana jin zafin nan a jikinta.

A ba ta ruwa tun ana gobe za a dasa. A yanka baƙar ledar da reza daga gefe, kada a finciko ta ta wuya. Yawanci za ku tarar da dunƙulen laka mai nauyi, domin masu reno suna son ƙasar da ba ta wargajewa a mota. In aka sa wannan dunƙule yadda yake a tsakiyar sabon haɗi, waje zai bushe, ciki ya zauna a jiƙe, kuna taɓa sama kuna ƙara ruwa. Don haka a tsoma shi a bahon ruwa na minti goma, a riƙa sassauta shi da yatsu a hankali har yawancin lakar ta zube. Ba sai an wanke tas ba. A duba saiwa: lafiyayya fara ce ko ruwan ƙasa-ƙasa, da ƙarfinta. Baƙa mai laushi da ke saɓulewa a hannu a yanke ta.

A zuba haɗi a gindin tukunya, a zaunar da fulawar yadda wuyanta zai tsaya daidai inda yake a da, a cika gefe. Kada a danna da ƙarfi; a ɗan bubbuga jikin tukunyar ƙasar ta zauna da kanta. A bar tazarar yatsa biyu daga baki. A ba ta ruwa har ya fito ta ƙasa, a ajiye a inuwa mai haske na mako biyu.

Gargaɗi: ruwan jikin difenbakiya yana da dafi. In ya taɓa baki yana kumbura harshe da maƙogwaro, in ya shiga ido yana ƙuna. Moni-filan, filodendiron, monstera da gwazar ado ma danginta ne, suna da irin wannan ƙaiƙayin. A sa safar hannu, a kwashe guntayen da aka yanke kafin yara ko awaki su kai gare su, kuma gidan da ke da mai rarrafe a ɗora tukunyar inda hannunsa ba ya kaiwa.

9. Ban ruwa bisa yanayin shekara

Babu ranar ban ruwa tsayayya. A tura yatsa har gaɓa ta biyu. In an ji danshi a bari. Ga tukunya mai zurfi, a soka tsinken tsire har ƙasa, a bar shi minti ɗaya a zaro. In ya fito da duhu da ƙasa a manne, akwai ruwa a ciki. In lokaci ya yi, a ba ta sosai har ya fito ta gindi, a zubar da wanda ya taru a faranti bayan kwata ɗaya na awa. Ruwan da ya kwana a faranti yana ruɓar da saiwa, kuma sauro na ƙyanƙyasa a ciki.

Hunturu ne ke ruɗin mutane. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska tana bushewa, bakin ganye ya ƙone, sai a ɗauka ƙishi ne a yi ta ɗura ruwa. Alhali a lokacin fulawar ta rage sha saboda sanyi, ƙasar cikin ɗaki tana nan da danshinta. Maganin busasshiyar iska shi ne a tara tukwanen wuri ɗaya, a kawar da su daga bakin taga, a riƙa goge ƙurar ganye da jiƙaƙƙen tsumma. Ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ke aiki kullum shi ma haka yake, ko da wane wata ne.

Da bazara tukunyar ƙasa a baranda tana iya neman ruwa kullum. A rufe saman da ɗan buntu ko ɓawon gyaɗa don rage bushewa. In an yi tafiya aka dawo aka tarar ƙasar ta janye daga jikin tukunya, zuba ruwa ta sama ba zai yi ba. A zaunar da tukunyar a bahon ruwa zuwa rabinta na minti 30, ta sha ta ƙasa, sannan a cike gefen da sabon haɗi.

A watan Agusta kuwa, a janye tukwanen waje daga ƙarƙashin indararo, a cire farantan, a ɗora su kan bulo.

Ruwan sama ya fi kowane. Na famfo da ke zuwa daga dam ɗin Gubi, a tara a bokiti ya kwana a buɗe kafin a ba su. Ruwan alwala da aka tara a roba yana da kyau tunda ba sabulu. Na wanki da wanke-wanke kada ya kusanci tukunya; sabulu da omo suna tara gishiri, su kashe ƙasar a hankali. Ruwan wankin shinkafa da ake ta yabo, in ana zuba shi kullum a tukunyar cikin ɗaki tsami yake yi ya tara ƙudaje.

10. Takin zamani da gishiri

Wata biyu na farko ba a ƙara komai, takin da ke cikin haɗin ya isa. Bayan haka, rabin ƙaramin cokalin shayi na NPK 15-15-15 a lita 4 na ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace ruwan, a ba su sau ɗaya a wata daga Mayu zuwa Oktoba. A fara jiƙa ƙasar da ruwa zalla kafin a zuba. Da hunturu a dakata.

Gargaɗi: kada a barbaɗa ƙwayoyin taki a gindin fulawa yadda ake yi wa masara, balle yuriya, wadda kashi 46 cikin 100 nata sinadarin naitirojin ne. A gona ƙasa tana da faɗin da za ta shanye. A tukunya ba inda zai je sai saiwa.

Farin ɓawon da ke fitowa a saman ƙasa ko a bakin tukunya gishiri ne, daga taki ko daga ruwan wasu rijiyoyin burtsatse. A kankare shi da cokali, a fitar da tukunyar waje, a zuba ruwa mai kyau a hankali wanda ya ninka cikinta sau biyu ko uku, ya wanke ya fita. Duk wata uku a yi haka. Da damina, fitar da ita ta sha ruwan sama ɗaya mai kyau yana yin wannan aikin, amma a mai da ita ciki kafin rana ta buɗe.

11. Ƙwari da ruɓewar saiwa

Ƙananan baƙaƙen ƙudajen da ke tashi in an taɓa tukunya alama ce ta ƙasar ba ta bushewa. A rage ruwa, a shimfiɗa yashi mai kaushi a sama kaurin yatsa ɗaya. Gara tana shiga ta ƙofar gindi ne in tukunya na zaune a kan ƙasa, don haka bulo ko kujerar ƙarfe ya raba ku da ita. Tururuwa in ta yi gida a ciki, a nutsar da tukunyar a ruwa har baki na rabin awa, sannan a duba ƙarƙashin ganye da hammatarsa, domin sau da yawa fararen ƙwarin nan masu kama da auduga ne suka jawo ta. Su kuma a goge su da auduga da aka tsoma a sifirit. Tsutsar tana kuwa tana da amfani a lambu, amma a tukunya toshe ƙofa take yi da kashinta. In an nutsar da tukunyar za ta fito da kanta.

In ganye ya yi yaushi alhali ƙasa a jiƙe take, ga wari na tashi, saiwa ce ta ruɓe, kuma ƙarin ruwa ƙarasa ta zai yi. A zare fulawar a ranar, a wanke saiwar, a yanke duk baƙin da reza sabuwa har a kai ga fari. A barbaɗa garin gawayi a wurin yankan, a bar ta a inuwa awa biyu ko uku ta sha iska, a rage ganye gwargwadon saiwar da aka rasa, a dasa a ƙaramar tukunya da sabon haɗi mai ƙarin buntu. In gindin kansa ya narke, a yanki lafiyayyen reshe mai gaɓa biyu a sa a kwalbar ruwa. Moni-filan da filodendiron suna fitar da saiwa ta haka cikin 'yan makonni.

12. Sabunta ƙasa

Buntu da taki suna narkewa, shi ya sa za ku ga ƙasar tana sauka a tukunya. Sau ɗaya a wata a ɗan sossoka saman da tsinke don iska ta shiga. Kowace farkon damina a kwashe yatsa biyu na sama a zuba sabon haɗi. Sauyin gaba ɗaya kuwa bayan shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ne, ko in saiwa ta fara leƙowa ta ƙofar gindi, ko ruwa ya koma daɗewa kafin ya nutse. Babbar fulawar da ba a son ta ƙara girma, a zare ta, a rage kashi ɗaya cikin huɗu na saiwar, a mai da ita tukunyarta da sabuwar ƙasa.

Tsohuwar ƙasar da fulawarta ke lafiya ana iya turara ta, ta tsaya a matsayin awo biyun ƙasa a sabon haɗi, a ƙara mata buntu, taki da gawayi. Wadda saiwa ta ruɓe a ciki a zubar da ita nesa da sauran tukwane, ita ma tukunyar a wanke ta da ruwan zafi a shanya a rana. Ragowar haɗin da ba a yi amfani da shi ba a bar shi ya sha iska, a zuba a buhu, a ɗaure, a ɗora kan bulo a inuwa inda ruwan sama da gara ba za su same shi ba.